Abin da Za a Faɗa wa Ummi Kafin Juma'a

Zuwa ga 'yata Hauwa'u Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Bacirawa lafiya, Ya tsare miki gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane. Ki gaishe mini da Maryam, ki shafa mini kan Ummi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a ƙasan jakarki, tsakanin ƙullin daddawa da na kuka. Gida ɗaya muke kwana ni da ke, sati biyu kina shirin tafiyar nan, ban ce miki komai ba sai "kin ɗauki bargo?" da "kada ki manta da takardunki." Abin da ke cikina ba ya fita in ina kallon idonki, waya kuma ba ta riƙe irin wannan magana. Shi ya sa da kika tafi kitso na zauna a gindin rumbu, na yago tsakiyar tsohon littafinki na makaranta, na ce bari in gwada bokon da na yi zuwa aji shida ko bai gudu duka ba. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, Malama, kada ki sa mini jan biro.

Aikin koyarwar da kika samu ba ni da abin da zan ƙara miki a kansa. Gidan da za ki zauna shi ne damuwata. Yau kwana talatin da biyu ke nan da yayanki ya rasu a hatsarin mota a hanyar Gezawa. Matarsa Maryam tana cikin takaba. 'Yarsu Ummi, mai shekara shida, har yau tana jiran Abbanta ya dawo daga Legas, kuma ni na ce a faɗa mata haka. Juma'a ta sama za a yi sadakar arba'in a can gidan, tunda Maryam ba ta fita. Dangi za su zo daga nan ƙauye da Zakirai, kowa da 'ya'yansa, kuma babu yaro ɗaya a cikinsu da bai san an binne Abban Ummi ba. In ba mu faɗa mata kafin ranar ba, a bakin wani yaro za ta ji, a tsakar gida, suna rigima a kan ƙosai. Kwana takwas suka rage mana.

Ke kin san irin wannan jira, domin an yi miki. Sai dai kin san shi ne daga wajen yarinya. Bari in faɗa miki daga wajen wadda ta aikata.

Shekararki bakwai lokacin da ciwo ya kama babanki, ana tsakiyar yankan gero. Kwanansa biyu a asibiti a birni Allah Ya karɓi abinSa. Na riga gawar isowa gida. Kafin a iso da shi, Hajja, kakarki ta wajen uba, ta ce, "A ɗauke Kulu a kai ta Zakirai gun gwaggonta. Yarinya ba ta ganin makara." Ni a lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani, na ce to. Bayan sati guda aka dawo da ke. An naɗe tabarmi, an share tsakar gida, baƙi sun watse. Kika shigo da gudu kina kiran Baba, kika leƙa ɗakinsa, kika leƙa turken awaki. Hajja ta ce, "Babanki ya tafi ci-rani Kudu, sai ruwa ya sauka zai dawo." Ba ki kalli Hajja ba, ni kika kalla. Na gyaɗa kai. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ai ba ni na yi ƙaryar ba, kai kawai na gyaɗa. Amma ba don gyaɗa kan nan ba da ba ki yarda ba, na sani.

Mun ɗauka sauƙi muka yi miki. Duk ranar kasuwar Gezawa, da la'asar ta yi, sai ki hau dakalin ƙofar gida ki zuba wa hanya ido, kina ƙirga masu saukowa daga mota. Kika samo gwangwanin madara kina tara masa gyaɗa, in an ba ki hannu guda sai ki ci rabi ki zuba rabi. Ina cikin ɗaki da mayafin takaba ina jin ƙarar gwangwanin nan, in toshe kunnena. Wata rana kika tsaya a bakin ƙofata kika ce, "Inna, don na karya masa eriyar rediyo ne ya ƙi dawowa?" Na ce, "Ke da Allah rufe mini baki, je ki yi wasa." Kika tafi da ita a ranki. Wata uku kina ganin ke kika kori ubanki daga gida saboda wani ɗan ƙarfe.

To ki riƙe wannan. Yaron da aka ɓoye wa mutuwa ba hutawa yake yi ba, aikin jira aka ba shi, kuma in ya rasa dalili sai ya ɗora wa kansa laifi. Ki saurari Ummi da kyau. In kin ji ta ce don ta ƙi cin abinci ne, ko don ta yi rashin ji ne Abba bai dawo ba, kada ki yi dariya, kada ki kore ta. Ko ba ta tambaya ba, ki nemi hanyar da za ki gaya mata cewa babu abin da ta yi, kuma Abbanta bai taɓa yin fushi da ita irin na tafiya ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, kuma shi ba zan iya jingina shi ga Hajja ba, tana gona ranar. Na aike ki ɗebo ruwa a famfon bakin masallaci. Kika yi faɗa da wata yarinya a kan layi, ta ce miki, "Ke da ubanki ya mutu, muna kallo aka wuce da shi." Kika dawo ba bokiti, ba takalmi ƙafa ɗaya. Ina tankaɗe a tsakar gida. Kika tsaya a kaina kina haki kika ce, "Inna, wai Baba ya mutu?" Kin san abin da na ce. Na ce, "Ina bokitin?" Sai na ɗauki muciya na buga miki a cinya. Ba bokitin ne ya dame ni ba, Kulu. Tsoro ne ya kama ni, na ga in na buɗe baki na ce e, zan fashe a gabanki in kasa haɗa kaina. Sai na zaɓi ke ki yi kukan duka, ni in tsira. Daga ranar ba ki sake tambayata ba, ba ki sake hawa dakali ba, gwangwanin kuma na tsince shi a bola. Na ce a raina ta gane, magana ta ƙare, ban sake tayar da ita ba.

In Ummi ta tare ki da tambaya, ko me ke hannunki ki ajiye. Ko tuwo ne yake ƙonewa, ya ƙone. Ki zauna ƙasa yadda idonki zai yi daidai da nata. In hawaye ya zo miki ki bar shi ya zuba, yaro ba ya lalacewa don ya ga babba yana kuka. Abin da ya tsorata ki a lokacin ba hawayena ba ne, tunda ba ki gan shi ba. Fuskata ce da ta koma kamar ƙofar da aka sa wa sakata.

Bayan nan kika fara fitsarin kwance, ke da kika daina tun kina shekara uku. Da safe in ɗauki tabarmarki in shanya a kan danga, wajen da duk mai wucewa zai gani, wai don kunya ta sa ki daina. Kika daina magana, kika koma cizon yara a makarantar allo. Mata suka ce iska ce, aka karɓo miki rubutu, kika sha kofi-kofi har kina amai. Ba wanda ya ce yarinyar nan ubanta ta rasa, har da ni da na haife ki. Maryam ta gaya mini a waya cewa Ummi ta fara tashi a jiƙe, kuma shekaranjiya ta yaga littafin wata a ajinsu. Ki wanke shimfiɗar ki shanya a bayan ɗaki, kada kowa ya ji. Kada ki bari a dake ta, kada ki bari a yi mata waƙa. Ke malama ce yanzu, ki je ki samu malamar ajinsu ki gaya mata halin da ake ciki, ku kuna jin yaren junanku.

Sai yayanki. Wannan na daɗe ina zagaye shi. Shekararsa goma sha biyu lokacin, shi an bar shi ya bi gawa, har ya zuba ƙasa da hannunsa. Da aka dawo daga maƙabarta ya shigo ɗakina zai fashe da kuka. Na kama kafaɗarsa na ce, "Kai ne maigida yanzu. Namiji ba ya kuka. Kuma in ka gaya wa Kulu, ban yafe ba." Dubi abin da na ɗora wa yaro a rana ɗaya. Ya haɗiye kukan a gabana. Washegarin sadakar uku ya ɗauki fartanyar babanku, wadda ta kusa kai shi tsawo, ya bi kawunku gona. Da yamma in kina kan dakali, shi ne yake zuwa ya zauna kusa da ke, ki ce, "Yaya, ka ga waccan motar, ko shi ne?" ya ce, "Ba shi ba ne, sai wani satin." Ni na sa shi wannan aikin. Mutane suka yi ta yabonsa, yaro mai haƙuri, yaro mai zurfin ciki, ni kuma ina jin daɗi. Ya girma bai iya cewa ga inda ke masa ciwo ba. Ko zazzaɓi yake yi sai dai matarsa ta gane a tafiyarsa.

Kada ki bari kowa ya ce wa Ummi ita ce za ta riƙa rarrashin uwarta, ko ta daina kuka don kada Umma ta ji. Shekararta shida. Ta yi kuka, ta tashi ta yi 'yar gala-gala da ƙawayenta, ta dawo ta sake tambayar abin da aka riga aka amsa mata sau biyar. Haka yara suke yin nasu makokin, a gutsure. In kin ga tana dariya awa ɗaya bayan an gaya mata, kada ki ce ba ta damu ba.

Yanzu maganar Maryam, kuma a nan ma ina da abin kunya. Kin tuna ranar sadakar uku, da aka taru a nan gidan, ta ga an shigo da buhun geron da ya ɗauko zai kai musu, wanda aka tsinto a gefen titi, ta fashe da kuka har ana jiyowa a zaure. Na tashi a gaban mata na ce, "Ke Maryam, ya isa haka. Hawayen nan naki wuta ne kike zuba masa a kabari." Ta haɗiye kukan nan take. Mata suka ce Inna ta yi gaskiya. Daga baya na aika aka tambayar mini liman, ya ce shi bai san hawaye da laifi ba, abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da faɗin maganar da ba ta dace ba. Ya ce a bar baiwar Allah ta yi kukanta.

Amma ba rashin sani ne kaɗai ya sa na faɗa ba, bari in gaya miki gaskiya. Haushinta na ji. Ɗan fari ne shi a wurina. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Da ya mutu ma kunyar ba ta sake ni ba. Ina zaune a kan tabarma ido a bushe, ana cewa kai, Inna akwai tawakkali, cikina kuwa kamar an zuba garwashi. Sai ga yarinya da ta san shi shekara takwas kacal tana da izinin yin abin da ni da na goya shi ba ni da shi. Shi ne na rufe mata baki. Tun ranar in na tambayi lafiyarta a waya, "lafiya lau, Inna" kawai take cewa, muryarta kamar ta mai karanta allo.

Ki gyara mini abin da na ɓata, iya yadda za ki iya. Kada ki cika ta da "sai haƙuri." Ta ji shi sau dubu, har daga bakin waɗanda suka zo don shinkafa. Akwai wadda ta ce mata a kunnena, ai ke yarinya ce, kina fita takaba za ki samu wani. In mai irin wannan bakin ta zo, ki miƙa mata ruwa ki raka ta ƙofa, kin iya wannan, halina kika ɗauko. Kin san yadda muke: kwana bakwai gida ya cika har ba wurin taka ƙafa, rana ta takwas kowa ya koma gonarsa, a bar mace da bango huɗu da wata huɗu da kwana goma. Ni a takabata abin da ya fi yi mini amfani ba masu wa'azi ba ne. Wata maƙwabciyarmu ce da take shigowa da kwaryar wakenta, ta zauna tana tsincewa, ba ta cewa komai, in rana ta yi ta tashi. Ki zama irinta. Ki ɗauke mata wanki da cefane. In ta fara ba ki labarin safiyar da ya fita, ki saurara, ko da jiya ta ba ki, ko da shekaranjiya ta ba ki. Ki riƙa kiran sunansa a gabanta da gaban Ummi, ki ba su labarin yadda ya faɗo daga kan jaki ya ce jakin ne ya yi tuntuɓe. Ni bakina ba zai iya ba, naki zai iya.

Ki sa ido a kan cinta da barcinta. In kin ga kwana da kwanaki ba ta sa komai a baki, ko ta fara cewa da ma ita ce ta tafi, ko rayuwa ba ta da amfani, kada ki ce zai wuce. Ki kira ni, ki kira mahaifiyarta, ku kai ta asibiti. Na tambayi liman wannan ma, ya ce takaba ba ta hana mace zuwa neman magani.

Ke ma kuma ban manta da ke ba, ko da yake na yi kamar na manta. Yayanki ne ya mutu, wanda ya kai ki makarantar kwana a bayan kekensa. Ni kuwa tun ranar farko na miƙa miki buta da tabarmi na ce ki kula da baƙi, kika yi kwana bakwai a tsaye. Ban tambaye ki ko sau ɗaya yaya kike ji ba. Kada ki je can ki zama jakin gidan, ki ɗauki na kowa ki bar naki. In ya taso miki ki yi kukanki, ko tare da Maryam ne. Ki samu wata a cikin malaman makarantarku da za ki riƙa yi wa magana, ba wayar nan da kike dannawa har tuwo ya huce ba.

Saura abu biyu, kuma su ne suka sa na ɗauki biro. Ba ki san su ba.

Ranar da abin ya faru, Ummi tana makaranta. Maryam ta so a ɗauko ta a taho da ita nan. Ni na ce a'a, a kai ta gidan ƙanwar Maryam, a ce Abba ya tafi Legas sayo kaya. Maganar Hajja ce ta fito daga bakina, kusan kalma da kalma, ina jinta tana fita ban iya tare ta ba. To yaran yanzu ba irinku ba ne, sun san waya. Bayan sati biyu Ummi ta tasa uwarta a gaba, a kira mata Abba, a kira mata Abba, ta ƙi cin abinci. Maryam ta kira ni tana cewa, "Inna, ni fa na gaji, gara a faɗa mata." Na ce ta ba ni zuwa la'asar. Na aika aka kira mini Sabi'u ɗan kawunku, wanda kowa ke cewa muryarsu ɗaya da marigayi. Ya ce, "Inna, wannan abin fa ba kyau." Na ce, "Ni za ka koya wa kyau da ba kyau? Kira." Ya kira, ina tsaye a kansa. Na ji muryarta ta cikin wayar, ta ce, "Abba, yaushe za ka dawo?" Ya ce ya kusa. Sai ta ce, "Abba, muryarka ta canza." Ya ce mura yake yi. Ta ce, "To ka sha magani. Na ajiye maka biskit ɗina na makaranta." Sabi'u ya kashe wayar, ya ajiye ta a kan turmi, ya fita bai yi mini sallama ba. Har yau in ya hango ni sai ya canza hanya, kuma ban ga laifinsa ba.

Na biyun shi ne wannan. Bara, bayan an kai amfanin gona gida, ni da yayanki muna zaune a nan gindin rumbu yana gyara mini ƙofarsa. Ummi tana bin kaji. Ba tare da ya ɗago kai ba ya ce, "Inna, in Allah Ya sa na riga ki, don Allah kada a yi wa yarinyar nan abin da aka yi wa Kulu." Na ce, "Kai, wace irin magana ce wannan, bakinka ya sari ɗanyen kashi." Ya ce, "Na dai faɗa miki." A shekara goma sha shida wannan ne kaɗai abin da ya taɓa cewa a kan maganar, kuma shi ne kaɗai abin da ya taɓa roƙona da bakinsa. Na tuna da shi ranar da ya rasu, na tuna da shi lokacin da nake tsaye a kan Sabi'u. Ina sane na take roƙon nasa.

Da na fara rubutun nan, niyyata in ce ke ki faɗa mata, tunda kin yi karatu kin san yadda ake magana da yara. Yanzu da na karanta abin da na rubuta, na ga wani kayan nake shirin sake ɗora wa 'yata in koma gefe, yadda na saba. Ba zan yi ba. Ga abin da nake so.

Kafin ki kwance kayanki, ki samu Maryam ku biyu. Ki ce mata na ce ta yafe mini, na maganar ranar uku da na wayar. Ummi 'yarta ce, ni na ƙwace mata magana, yanzu na mayar mata. In ta yarda, ranar Laraba zan shigo motar farko in zo. In tana so ta faɗa da bakinta, zan zauna a gefenta. In ba za ta iya ba, ni zan faɗa. Ko ta yaya aka yi, ni zan gaya wa Ummi cewa maganar Legas ƙarya ce, ni na ƙirƙira, ba uwarta ba, kuma wanda ta ji a waya ba Abbanta ba ne. Gara ta tsane ni da ta daina yarda da uwarta. Mahaifiyar Maryam za ta ce a bari sai ta ƙara wayo, na san za ta ce. Ki bar ni da ita, tsofaffi ne mu, mun san inda za mu taɓa juna.

Ba za mu ce mata ya yi barci ba, kada ta ji tsoron kwanciya. Ba za mu ce ya yi tafiya mai nisa ba, ta gaji da tafiya. Za mu ce mota ta yi hatsari, Abba ya mutu, an yi masa salla an binne shi a garinsu kusa da babansa, ba zai dawo ba, kuma muna yi masa addu'a Allah Ya haɗa mu da shi a Aljanna. Mu koya mata addu'ar da za ta riƙa yi masa, ta samu abin yi da ya fi ajiye biskit. Na yi wa kawunku magana a bar mata hularsa ɗaya kafin a zo rabon gado.

Amma ki ji ni da kyau. In kafin Laraba ta kalle ki ta ce, "Anti Kulu, wai Abbana ya mutu?" kada ki jira ni. Kada ki ce bari Inna ta zo, kada ki gyaɗa kai ga maganar kowa. Ki kira uwarta, ku zauna, ku ce mata e.

Takardar ta kusa ƙarewa, ga shi na ji muryarki a zaure kin dawo daga kitso. Akwai magana ɗaya da ta rage, wadda tun kina shekara bakwai ya kamata ki ji daga bakina, kika ji ta a bakin famfo. Na lissafa, har yau ban taɓa faɗa miki ita ba, mun dai wayi gari kowa ya san kowa ya sani. Kulu, babanki ya rasu. Bai je ci-rani ba. Ranar Talata ne da hantsi, ina riƙe da hannunsa, kuma bai taɓa yin maganar rediyon nan ba, abin da ya tambaya shi ne ko an saya miki takalmin makaranta. Ki yafe mini, 'yata.

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan yayanki, Ya haskaka kabarinsu. Allah Ya ba Maryam dangana, Ya raya Ummi, Ya sa abin da za mu faɗa mata ya zo mata da sauƙi. Ke kuma Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya sa albarka a aikinki, Ya kare ki daga hanyar nan da ta cinye mini ɗaya. In kin karanta ki kira ni, ko ba za ki ce komai ba, in dai ji kin sauka.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Inna